Takardar Shaidar Malanta: Wa Ya Kamata Ya Sa Hannu?

Garin Runka yana cikin ƙasar Safana, a bakin dajin Rugu, Batsari kuwa tana arewa da shi. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya. Idan manomi ya kama hannun ɗansa ya kai shi makarantar firamare, ba shi da wata hanya da zai auna ilmin malamin da zai danƙa wa yaron. Bai ga inda aka horar da malamin ba, bai kuma san wanda ya jarraba shi ba. Abin da ya dogara a kai shi ne Gwamnati ce ta ɗauki mutumin aiki, Gwamnati kuwa ta dogara ne ga wata takarda guda mai hatimi da sa hannu. Watau ke nan shekaru shida na yaron nan duk suna rataye ga gaskiyar wannan takarda.

Mu da aikinmu ya ke duba makarantu da malamai muna so mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai da akawunan ofisoshin ilmi a kan wannan takarda, da kuma hannun da ke sa mata hannu. Sunanta ma ya isa ya tunatar da mu nauyinta, don takardar shaida mu ke ce mata. Duk wanda ya taɓa zama a gaban alƙali ya san ba kowace shaida a ke karɓa ba. A mazhabar Malikiyya ba a karɓar shaidar uba don amfanin ɗansa, ko ta ɗa don amfanin ubansa, ko ta miji don amfanin matarsa, haka kuma ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa wata moriya da ita. Shari'a ba ta ce waɗannan mutane maƙaryata ne ba. Ta dai san halin ɗan Adam, ta san so hana ganin laifi, sai ta ɗauke musu nauyin da ba lalle su iya ɗauka ba. To, tambayarmu ita ce, in mutum ya koyar da ɗalibi, ya karɓi kuɗinsa, sa'an nan shi ne kuma zai jarraba shi ya ba da shaidar ya ƙware, wace irin shaida ce wannan?

Yadda Aka Taso

A ran 5 ga watan Maris 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai, ita ce kuma ta yaye su Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Alhaji Isa Kaita, wanda ya riƙe Ministan Ilmi na Jihar Arewa daga 1957 zuwa 1966. A wancan zamani, da kuma zamanin makarantun horon malamai da suka biyo baya, ɗalibi ba ya biyan mai koyar da shi kome. En'e ko Gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa, albashin malami kuma ba ya ƙaruwa ko raguwa saboda yawan waɗanda suka ci jarrabawa. Tambayoyin manyan darussa na jarrabawar ƙarshe daga waje a ke aiko da su, gwajin koyarwa kuma sai jami'in Ma'aikatar Ilmi ya zo ya zauna a bayan aji ya gani da idonsa. Ba mu ce zamanin nan babu son kai ba. Amma hanyar da kuɗi zai bi daga aljihun ɗalibi zuwa aljihun mai jarraba shi a toshe ta ke.

A watan Satumba 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara miliyan 2.3, sai ga kimanin miliyan 3 sun zo. Dole aka ɗebi malamai cikin gaggawa, da masu horo da marasa horo. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, aka kuma ba ta ƙarfin doka a 1978, don ta koyar da malamai suna kan aikinsu. Daga baya aka ɗora mata shirya jarrabawar takardar malanta mai daraja ta biyu, a 1990 kuma ta soma ba da karatun NCE daga nesa. Aikin da ta yi babba ne, don malaman ƙauye da yawa ba su da wata ƙofa sai ita. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita aka ba aikin tsayar da ma'auni da tantance darussan NCE, don kada mai koyarwa ya zama shi kaɗai ne mai cewa aikinsa ya yi kyau.

Da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tsayar da NCE a matsayin mafi ƙanƙantar takardar da za a koyar da ita, sai dubban malamai masu iyali suka ga lalle su koma karatu ko su rasa ƙarin girma. Mutumin Safana ko Batsari ya kan nufi Dutsin-Ma, inda Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita ta ke tun 1991, ko Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, ko kuwa ya shiga karatun ƙarshen mako da na lokacin hutu. A ƙasar nan yawanci irin wannan karatu na wucin gadi da kuɗin ɗalibi a ke tafiyar da shi, daga nan kuma horon malamai ya sami fuskar kasuwa.

Inda Amana Ke Karo Da Moriya

Ba laifi ba ne a biya kuɗin karatu, kuma ba laifi ba ne mai koyarwa ya sami ladan wahalarsa. Haɗarin yana tasowa ne a wurare huɗu.

Na farko, wurin karatun da rayuwarsa ta dogara ga yawan masu biya. In labari ya bazu cewa a wurin kaza a na kayar da mutane, baɗi ɗalibai za su koma inda ba a kayarwa, alawus ɗin masu koyarwa kuma ya ragu. Ba sai wani ya ba da umurni ba, kowa zai gane da kansa cewa jan alƙalami yana taɓa tukunyar gidansa. Na biyu, 'yan takardun darasi da mai koyarwa ke bugawa ya sayar wa ajinsa, alhali makin gwaje-gwajen cikin zango yana hannunsa. Ɗalibi zai saya ko yana bukata ko ba ya bukata, don ya san a na rubuta sunan wanda ya saya. Na uku, zumunta. A ƙaramin gari mai koyarwa da ɗalibinsa sun haɗa kaka, ko unguwa, ko surukuta, gobe kuma za su haɗu a wurin suna ko jana'iza. Na huɗu, jami'in ilmi da ke da tasa makarantar kuɗi ko wurin share fagen jarrabawa, sa'an nan shi ne a ke turawa ya duba irin waɗannan wurare.

Wata shekara aka tura mu duba gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye a yammacin ƙasar Katsina. Ɗalibin da za mu gani dattijo ne, ya daɗe yana koyarwa, ya kuma girme mu. Kafin mu shiga aji sai hedimasta ya ja mu gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, hanya da nisa, ga ɗan kuɗin mai da malam ya haɗa." Muka ce a mayar masa. Muka shiga, aka yi darasin kason lissafi a aji huɗu, malam ya haɗa rabi da sulusi a allo ta hanyar tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya sami biyu bisa biyar, yara kuma suka kwafe. Da muka duba takardar makin da mai koyar da shi ya riga ya cika, sai muka ga an ba shi maki mai kyau ƙwarai a darasin da ba wanda ya zo ya gani. Da muka tambayi mai koyarwar, bai yi musu ba. Ya ce, "Yallaɓai, shi ya koya mini karatu a aji ɗaya. Da wane ido zan kayar da shi?" Mun gaskata shi, kuma ba mu ga mugun nufi gare shi ba. Kuskuren tun daga wurin wanda ya ba shi aikin auna malaminsa ya taso. Amma fa yaran ajin nan sun tafi gida da biyu bisa biyar a littattafansu.

Darasin Kaduna

A shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin 100, ta kuma sallame su. Da yawa cikinsu suna riƙe da takardun shaida masu hatimi. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya ta ƙi yarda da jarrabawar, ta ce auna malami aikin Hukumar Rajistar Malamai ne, har aka shiga yajin aiki a watan Janairu 2018.

Akwai darasi biyu a cikin wannan al'amari. Na ɗaya, ranar da jama'a suka daina yarda da takarda, mai gaskiya da marar gaskiya tare su ke shan wuya, don sai a sake auna kowa. Na biyu, ƙorafin malaman ma yana kan maganarmu, domin wanda ya shirya jarrabawar shi ne mai biyan albashi, shi ne kuma mai ikon kora. Ko da ya yi adalci, wanda ya faɗi zai sami abin cewa. Saboda haka kamar yadda bai dace mai son ɗalibi ya ci ya zama mai jarrabawa ba, haka bai dace wanda a ke zaton yana son ya faɗi ya zama shi kaɗai ne alƙali ba. Hukumar Rajistar Malamai, wadda doka ta kafa a 1993, ta soma tata jarrabawar ta shiga aikin malanta a 2017, a kan kwamfuta. Amfanin irin wannan jarrabawa shi ne mai shirya ta bai koyar da ɗalibin ba, kuma ba shi zai ɗauke shi aiki ba.

Abin Da Ya Faru A Waɗansu Ƙasashe

Kada mu zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Ingila, cikin watan Disamba 2011, jaridar Daily Telegraph ta fallasa yadda waɗansu manyan masu shirya jarrabawar sakandare ke yin tarurrukan bita da malamai ke biyan kuɗi su halarta, a can kuwa a na yi musu nuni ga sassan da tambayoyi za su fito. Aka dakatar da waɗansu, hukumar da ke kula da jarrabawa a can kuma ta yanke a daina irin waɗannan tarurruka daga 2013.

Akawuna kuma za su gane labarin kamfanin Enron na Amurka, wanda ya durƙushe a watan Disamba 2001. Kamfanin odita mai duba littattafansa, watau Arthur Andersen, ya karɓi dala miliyan 25 a shekarar 2000 don aikin odita, da miliyan 27 don waɗansu ayyuka kamar ba da shawara. Mai duba littafi ya zama abokin ciniki, sai idonsa ya yi nauyi. A 2002 Amurka ta yi dokar da ta hana odita yi wa kamfanin da ya ke dubawa ayyuka da dama na wannan iri.

Akwai kuma ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 17024, wadda aka fitar a 2003 aka gyara a 2012, don hukumomin da ke ba mutane takardar shaidar ƙwarewa. Gyaran 2012 bai hana hukuma ɗaya ta koyar kuma ta jarraba ba, amma ya ɗauki haɗa biyun a matsayin barazana ga adalci, ya kuma gindaya sharuɗɗa. Cikinsu akwai cewa wanda ya horar da mutum kada ya jarraba shi sai bayan shekara biyu, kada kuma hukuma ta nuna wa jama'a cewa wanda ya sayi horonta zai fi saurin samun takarda.

Mu kuwa muna da namu tun kafin wannan. Malamanmu sun karantar da mu labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware waɗansu kaya ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya tsawata a bainar jama'a, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gida babu mai kawo masa ita. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a cikin Kitabul Farƙi ya lissafta gaisuwar da a ke kai wa masu iko cikin al'adun da ya soka. Tsarin Mulki na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin Gwamnati sa kansa inda moriyarsa za ta yi karo da aikinsa, ya kuma hana mai cikakken aiki tafiyar da wata sana'a tasa, in banda noma.

Uzurin Da A Ke Kawowa

Mun san abin da waɗansu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan bakin dajin Rugu, an tashi garuruwa, an rufe makarantu. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020, baƙon malami ya ƙara jin tsoron karɓar aiki a yammacin jihar. Wanda ke tsayawa a Runka da makamantanta shi ne ɗan gari, wanda gidansa da gonarsa ke nan. Sai a ce, in kun tsananta kun kayar da shi, wa zai shiga ajin?

Amsarmu ita ce, a riƙe ɗan gari da hannu biyu, amma a faɗi gaskiyar abin da ya iya. Malamin da aka san rauninsa a lissafi a na iya tura shi bita, a haɗa shi da wanda ya fi shi, a ba shi ajin da zai iya. Wanda aka rufe rauninsa da takarda kuwa ba mai sake waiwayarsa har ya yi ritaya. Ɗan mai hali da ke birni, in malaminsa ya gaza, a na ɗaukar masa wani da yamma. Ɗan Runka ba shi da wannan gata, don haka shi ya fi kowa bukatar takardar malaminsa ta zama gaskiya. A 2023 Gwamnatin Jihar Katsina ta ɗauki malamai fiye da 7,000 bayan ta yi musu jarrabawa, waɗannan da na bayansu duk za su nemi ƙarin karatu da ƙarin girma, saboda haka maganar tana gabanmu.

Abin Da Ke Hannunmu

Da fari, kada wanda ya koyar ya duba takardun jarrabawar ƙarshe na ajinsa. A rubuta lamba maimakon suna, a yi musanyar takardu tsakanin wuraren karatu, na shiyyar Dutsin-Ma su tafi Daura ko Funtuwa, na can su zo nan. Kuɗin mota ne kawai zai ƙaru.

Sa'an nan a buɗe littafi a kowane ofis, kafin jarrabawa kowane mai dubawa da mai tsaro da akawu ya rubuta in yana da ɗa, ko ƙane, ko mata, ko suruki, ko tsohon malaminsa, ko wanda bashi ya haɗa su a cikin ɗalibai. A inda kowa ɗan'uwan kowa ne, samun dangi a aji ba abin kunya ba ne, ɓoyewa ce laifi. Wanda ya rubuta sai a ba wani aikin, shi kuma ya sami amsar da zai ba dangi in sun zo, ya ce takardar ba ta hannunsa. Haka jami'in da ke da hannu a wata makarantar kuɗi ya faɗa, a ɗauke masa duba ta da abokan takararta.

Game da kuɗi, duk abin da ɗalibi zai biya ya tafi banki a ba shi rasit. Alawus ɗin mai koyarwa kada ya rataya ga yawan waɗanda suka ci. Mai zuwa duba gwajin koyarwa a ba shi kuɗin tafiyarsa daga ofis kafin ya tashi, don jami'in da ya yi amfani da kuɗinsa ya sayi mai ya fi sauƙin miƙa hannu. Takardun darasi kuma a sayar a kanti, inda ba a rubuta sunan mai saye.

Gwajin koyarwa ya zama mutum biyu ne za su gani, ɗaya daga waje. In hanya ba ta da lafiya, kada a tilasta wa kowa sai da ransa, a kawo ɗalibin wata makaranta a Safana ko Dutsin-Ma ya koyar a gaban masu dubawa. In haka bai yiwu ba, a rubuta cewa ba a gani ba, a sa wata rana.

Ku kuma akawuna, ku sani takardar maki ta kan fi daɗewa a tebur ɗinku bisa ga hannun mai dubawa. Kada ku karɓi wadda ba hannu biyu a kanta. Duk gyaran da aka yi, wanda ya yi ya sa suna da kwanan wata, a kuma ajiye kwafi a wani ofis dabam. In a kwamfuta ne, kowa ya shiga da tasa lambar sirri. A ƙarshen shekara a liƙa yawan waɗanda suka zauna da waɗanda suka ci a kowane wuri, inda kuma aka ga ba a taɓa faɗuwa ba shekara da shekaru, a je a gani. Wanda ya faɗi a ba shi bita da damar sakewa ba tare da sabon kuɗi mai yawa ba, don kada kayar da ɗalibai ma ya koma wata hanyar samu.

Dattijon nan da muka ba da labarinsa ya sake gwajinsa bayan zango ɗaya, a gaban waɗansu mutum biyu da ba su san shi ba, ya kuwa haɗa rabi da sulusi ya sami biyar bisa shida. Takardar da ya karɓa daga baya tasa ce ta halal, ba wanda zai yi masa gori a kanta. Muna roƙon duk wanda alƙalaminsa zai hau irin wannan takarda ya tuna da manomin Runka da ke tsaye a ƙofar makaranta riƙe da hannun ɗansa, ya tambayi kansa ko alƙali zai karɓi shaidarsa a wannan magana. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.